Bitar rsync: Gwani Wajen Kwashe Fayiloli, Amma Ba Ya Yafe Kuskuren Alama Ɗaya

Duk mai kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima ta layi, ta Linux ko BSD, komai daren daɗewa sai buƙatar kwashe fayiloli daga wata na'ura zuwa wata ta same shi. Ko faifai ya fara ciwo, ko za a ƙaura zuwa sabuwar saba, ko ana son ajiyar ko-ta-kwana kowane dare. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a irin wannan hali shi ne rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Ostireliya. Tridgell ɗin nan shi ne wanda ya fara Samba, manhajar raba fayiloli tsakanin Linux da Windows. Wayne Davison ya riƙe ragamar manhajar tsawon shekaru bayansu. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin GPL, kuma saka ta bai wuce `apt install rsync` a Debian da Ubuntu, ko `dnf install rsync` a Fedora da Rocky, ko `pkg install rsync` a FreeBSD ba.

Hukuncina tun daga farko shi ne wannan: wajen daidaita folda biyu ta layin da ba shi da ƙarfi, har yau ban ga abin da ya kamo ƙafarsa ba. Matsalarsa ita ce ba ya tambaya. Abin da ka rubuta shi zai aikata, ko da kuwa ba shi kake nufi ba, kuma bambancin aiki mai kyau da asarar bayanan shekara guda yakan zama alama ɗaya a ƙarshen suna.

Yadda yake rage nauyin layi

Mataki na farko mai sauƙi ne. Yana duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe a ɓangarorin biyu. In sun yi daidai, sai ya tsallake, ko buɗe fayil ɗin ba ya yi. Shi ya sa zagaye na biyu a kan folda mai gigabait ɗari kan ƙare cikin ɗan lokaci in ba abin da ya canza.

In fayil ya canza, a nan ne gwanintar take. Ɓangaren da ke karɓa yana yanka tsohon kwafinsa gunduwa-gunduwa. Girman gunduwar yana bin girman fayil ɗin: ba ta gaza bait 700 ba, ba ta wuce kilobait 128 ba, kuma fayil mai gigabait ɗaya yakan samu gunduwa ta kilobait 32, wato guda 32,768. Kowace gunduwa ana ciro mata lambar tantancewa iri biyu, ɗaya mai sauƙin lissafi, ɗaya mai ƙarfi, sai a aika wa mai turowa lambobin kaɗai. Shi kuma mai turowa sai ya riƙa zamewa a kan sabon fayil bait bayan bait yana neman inda lamba mai sauƙin ta dace, in ta dace ya tabbatar da mai ƙarfin. Abin da ya samu a can ba ya sake turo shi, sai dai ya ce a ɗauko gunduwa ta kaza. Saboda wannan zamewar ne ko an cusa layi ɗaya a farkon fayil, komai ya gusa, rsync zai gane sauran. Ƙara `--stats` ka duba layuka biyu a ƙarshe: `Literal data` shi ne abin da ya bi waya da gaske, `Matched data` kuma abin da aka tarar a can. Ga wanda ke sayen data da gigabait, waɗannan layuka biyu kuɗi ne.

Abu biyu ne ke kashe wannan dabara. Na farko, in duka folda biyun suna cikin na'ura ɗaya, rsync ba ya amfani da ita sam, yana kwafe fayil ɗin gaba ɗaya, don karanta kwafi biyu a faifai ya fi rubuta ɗaya tsada. Wannan daidai ne, kada ka tilasta masa. Na biyu, fayil da aka matse da gzip: canjin harafi ɗaya a farko yana rikita kusan duk abin da ya biyo baya, sai rsync ya rasa gunduwar da za ta dace. Maganinsa a matse da `gzip --rsyncable` ko `zstd --rsyncable`. Fayil ɗin zai ɗan ƙara girma kaɗan, amma tafiyarsa ta dare za ta ragu ƙwarai.

Karan da ke ƙarshen suna

Duba waɗannan layuka biyu:

`rsync -a /srv/hotuna /mnt/ajiya/hotuna`

`rsync -a /srv/hotuna/ /mnt/ajiya/hotuna`

Na farko yana nufin a ɗauki foldar kanta a saka ta cikin waccan, don haka za ka tarar da `/mnt/ajiya/hotuna/hotuna`. Na biyu, mai karan `/` a ƙarshen tushe, wato foldar da ake kwafowa daga cikinta, yana nufin a ɗauki abin da ke cikin foldar. Karan da ke ƙarshen wurin saukewa ba shi da wannan tasiri, na tushen ne ke da magana. Kuma maɓallin Tab yana ƙara karan da kansa in yana cika maka suna, don haka mutum kan samu sakamako iri biyu a rana ɗaya bai san dalili ba. Ɗabi'ar da ta fi aminci ita ce ka riƙa sa karan a ɓangarorin biyu kullum, ka rubuta cikakken sunan foldar da kake so a can, sai ya zama kana karanta umarnin kamar haka: cikin wannan ya koma cikin waccan.

Shi kaɗai wannan kuskure bai wuce ɓata wuri a faifai ba. Sai ya haɗu da `--delete` yake zama musiba. Wannan zaɓi yana goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a tushe. In ka rubuta `rsync -a --delete /srv/hotuna/ /mnt/ajiya/` alhali akwai wasu foldoji a cikin `/mnt/ajiya`, sun tafi, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono su. Tun daga siga ta 3.0 gogewar tana tafiya ne tare da kwafin, folda bayan folda, don haka kafin ka farga ka danna Ctrl-C wani abu ya riga ya salwanta.

Akwai hanya ta biyu da `--delete` ke cin mutane, kuma ta fi ta farko muni domin umarnin daidai yake. A ce `/srv/hotuna` faifai ne daban da ake ɗaurawa a wurin. An ɗauke wuta, saba ta tashi, faifan bai ɗauru ba. Foldar tana nan, fanko. Da ƙarfe biyun dare cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tayar da rsync, shi kuma ya ga tushe babu komai, sai ya share ajiyar tas don ta yi daidai da shi. Ba kuskure ba ne a wurinsa, lambar fitarsa ma sifili ce, wato alamar aiki ya tafi daidai. In kuma faifan ajiyar ne bai ɗauru ba, sai ya zuba komai a kan babban faifan saba har ya cika, sauran manhajoji su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Rigakafin duka biyun layi ɗaya ne a farkon sikirif, wato fayil ɗin da ka jera umarninka a ciki: `mountpoint -q /srv/hotuna || exit 1`, da irinsa na wurin saukewa. Sai ka ƙara `--max-delete=200` ko wata lamba da ta dace da aikinka, yadda in gogewar ta kai nan zai daina, ya fita da lamba 25. A yi masa adalci, in ya gamu da matsalar karanta faifai a ɓangaren tushe yakan fasa gogewar da kansa ya rubuta `IO error encountered -- skipping file deletion`. Kada ka kashe wannan kariya da `--ignore-errors` don kawai saƙon ya dame ka.

Kada kuma ka haɗa `--delete` da tauraro, irin `/srv/hotuna/*`. Bash, manhajar da ke karɓar umarnin da ka rubuta, ita ce ke buɗe tauraron kafin rsync ya gani, sai ta miƙa masa jerin sunaye maimakon folda. Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ba za su tafi ba, kuma abin da aka goge a saman foldar ba za a goge shi a can ba.

Gwaji kafin aiki shi ne `-n`, kuma amfaninsa yana fitowa ne in an haɗa shi da `-i`:

`rsync -ani --delete /srv/hotuna/ saba2:/ajiya/hotuna/`

Ba zai taɓa komai ba, zai dai jero abin da zai yi, kowane layi da alamomi goma sha ɗaya a gabansa. `>f+++++++++` sabon fayil ne da za a karɓa a nan, in kuma turawa ake yi zuwa wata na'ura kibiyar takan juya ta zama `<`. `cd+++++++++` sabuwar folda ce. A `>f.st......` harafin s na nufin girma ya bambanta, t kuma lokaci. `*deleting` ba ya buƙatar fassara. In jerin ya yi tsawo, tace shi da `grep deleting` ka karanta wannan ɓangaren da idonka. In ka ga duk layukan masu alamar ƙari `+` ne alhali ka san fayilolin suna can, to karan nan ne ya ci ka.

Abin da `-a` ke ɗauka da abin da yake bari

Mutane da yawa suna ɗaukar `-a` a matsayin komai da komai. Taƙaitawa ce ta `-rlptgoD`: shiga cikin foldoji, mahaɗan nuni, izini, lokaci, rukuni, mai fayil, da fayilolin na'urori. Bai ƙunshi `-H` ba, wanda ke kiyaye fayil ɗaya mai sunaye da yawa, don haka in tushenka na da irin waɗannan, kowane suna zai zama kwafi mai cin wurinsa, faifan da ya isa a lissafi ya ƙi isa a aikace. Bai ƙunshi `-A` na ƙarin jerin izini ba, ko `-X` na ƙarin sifofin fayil, inda alamomin SELinux, tsarin tsaro na Rocky da Fedora, suke zaune. Wanda ya kwashe saba ta Rocky ko Fedora babu `-X` zai ga izini daidai, mai fayil daidai, amma manhajar yanar gizo tana ƙin karanta fayilolinta, har sai an bi su da `restorecon -R`. Don ƙaurar saba sukutum, abin da ya kamata shi ne `-aHAXS --numeric-ids`. Harafin S yana hana fayiloli masu rami a ciki, irin faifan na'urar kwaikwayo, kumbura zuwa cikakken girmansu. Shi kuwa `--numeric-ids` yana hana rsync fassara mai fayil ta hanyar suna, abin da ke haukata izini in kana aiki daga filashin ceto wanda lambobin masu amfaninsa suka bambanta da na sabar. Ƙara `-x` in ba ka son ya tsallaka zuwa wani faifan da aka ɗaura a ciki, kuma ka hana shi kwafe `/proc/*`, `/sys/*`, `/dev/*`, `/run/*` da `/tmp/*`.

Kiyaye mai fayil sai da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a na'ura, a ɓangaren da ke karɓa. In an hana root shiga ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa a asirce, kamar yadda ya dace, ana amfani da `--rsync-path="sudo rsync"`, tare da ba wannan asusun damar tayar da rsync ba tare da kalmar sirri ba a sudoers, fayil ɗin da ke tsara wanda zai yi aiki da ikon root. Ka dai sani cewa wanda ka ba wannan dama ka ba shi sabar ne gaba ɗaya, tunda yana iya rubuta kowane fayil.

Filashi mai FAT32 ko exFAT labarinsa daban. Ba su san izini ko mai fayil irin na Unix ba, don haka `-a` zai cika maka fuska da ƙorafi. Yi amfani da `-rt`. FAT kuma yana ajiye lokaci ne da tazarar daƙiƙa biyu, sai rsync ya riƙa ganin lokaci ya bambanta yana sake kwafe abin da bai canza ba. `--modify-window=1` ke gyara wannan. Fayil da ya kai gigabait 4 kuwa ba zai shiga FAT32 ba ko da wace dabara.

Lokacin da layi ke yankewa

Nan ne rsync ya yi wa scp, manhajar kwafe fayil ta SSH, fintinkau, kuma nan ne ya fi amfani ga wanda sabis ɗinsa ke zuwa yana tafiya. Yana rubuta sabon fayil ne da ɓoyayyen suna na wucin gadi, mai ɗigo a gaba da haruffa shida a baya, sai ya kammala ya mayar masa da sunansa na gaskiya. A yadda ya zo, in layi ya yanke yana goge guntun ya fara daga farko a karo na gaba. `-P` yana haɗa abu biyu, nuna ci gaba da ajiye guntun. Sai dai yana ajiye shi ne da sunan fayil na gaskiya, wato rabin fayil yana zaune kamar cikakke, wata manhaja tana iya ɗauka ta yi aiki da shi. `--partial-dir=.guntu` ya fi tsafta: guntun yana zama a gefe har a kammala shi. Lura kuma, `-P` a scp lambar ƙofa ce, a rsync ba haka ba ne. Ƙofar SSH ta daban ana ba da ita da `-e "ssh -p 2222"`.

A yadda ya zo ba shi da wa'adin jira. In layi ya mutu shiru ba tare da an rufe shi ba, zai iya zama a wurin har gari ya waye. `--timeout=60` yana sa ya haƙura bayan daƙiƙa sittin na shiru ya fita da lamba 30, sai a sa shi cikin zagaye:

`until rsync -a --partial-dir=.guntu --timeout=60 /srv/hotuna/ saba2:/ajiya/hotuna/; do sleep 30; done`

Tayar da wannan a cikin tmux, manhajar da ke barin aiki yana tafiya ko ka fita, don kada rufe kwamfutarka ya kashe shi. Aibinsa ɗaya: in matsalar ba ta layi ba ce, misali fayil ɗaya da ba ka da izinin karantawa, zai yi ta maimaitawa ba iyaka. A sikirif na gaske sai a duba lambar fita. Lamba 12 da 30 da 255 galibi na layi ne ko na SSH, sun cancanci a sake. Lamba 23 na nufin wasu fayiloli sun ƙi tafiya, sai mutum ya duba. Lamba 24 na nufin wasu fayiloli sun ɓace ana tsakiyar aiki, abin da ba makawa a saba mai rai. In wuta ce ta ɗauke wa na'urar da ke karɓa kwatsam, ɓoyayyen fayil ɗin nan na wucin gadi yana nan kwance yana cin wuri, kuma rsync ba zai ci gaba daga kansa ba, sai ka neme shi da `ls -la` ka cire.

`--bwlimit=500` yana tsayar da shi a kilobait 500 a daƙiƙa don kada ya shanye layin ofis. `-z` yana taimakawa a kan rubutu da fayilolin log, amma a kan hotuna da bidiyo aikin banza ne, kuma a layin cikin gida mai gudu yakan zama shi ne cikas. Tun siga ta 3.2.0 ta 2020 akwai zstd da lz4, waɗanda suka fi tsohon zlib sauri nesa ba kusa ba, in dai ɓangarorin biyu sun san su. `--info=progress2`, wanda ya zo da 3.1.0, yana nuna ci gaban aikin gaba ɗaya a layi ɗaya maimakon ambaliyar sunaye. Ka guji `--append` sai in ka tabbata fayil ɗin ƙari kawai ake yi masa a ƙarshe, domin yana ɗauka cewa farkon daidai yake ba tare da ya duba ba.

Saƙonnin kuskurensa ba su da kirki, wannan kam aibi ne. `rsync: command not found` alhali ga shi a na'urarka yana nufin babu shi a ɗaya ɓangaren, domin dole ya kasance a duka biyun. `protocol version mismatch -- is your shell clean?` kusan kullum yana nufin wani ya sa gaisuwa ko `echo` a `.bashrc` na sabar can, rubutun yana shiga cikin zancen da rsync biyun ke yi. Gwada `ssh saba2 /bin/true > gwaji.txt`. In fayil ɗin ba fanko ba ne, ka kama ɓarawon.

Madubi ba ajiya ba ne

Kwafin da ake daidaitawa kowane dare da `--delete` yana kare ka daga mutuwar faifai, amma ba ya kare ka daga kanka. Fayil da aka goge bisa kuskure da rana, ko wanda ƙwayar cutar neman fansa ta kulle, da dare zai bi sahu zuwa madubin. Abin da ke mayar da rsync ajiya ta gaske shi ne `--link-dest`, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi daraja a cikin manhajar duka:

`YAU=$(date +%F)`

`rsync -aHAX --numeric-ids --link-dest=/mnt/ajiya/jiya /srv/ /mnt/ajiya/$YAU/ || [ $? -eq 24 ] || exit 1`

`ln -sfn /mnt/ajiya/$YAU /mnt/ajiya/jiya`

Kowace rana tana samun foldarta mai kama da cikakken kwafi. Fayil da bai canza ba ba a sake rubuta shi, ana ba kwafin jiya ƙarin suna ne a foldar yau. Kwana talatin na ajiya sai su ci wurin kwafi ɗaya da canje-canjen wata. Maido da fayil bai wuce `cp` daga foldar ranar da kake so ba, babu wata manhaja ta musamman, kuma goge tsohuwar rana da `rm -rf` ba ya taɓa sauran. A kan wannan tunani na raba fayil tsakanin ranaku aka gina rsnapshot da Timeshift.

Tarkunansa su ne waɗannan. In ka ba `--link-dest` gajeren suna maimakon cikakke, ana lissafa shi ne daga foldar saukewa, ba daga inda kake tsaye ba, in kuma bai same shi ba gargaɗi kawai zai yi ya kwafe komai sabo, sai faifai ya cika a kwana na uku. Harafin n a `ln -sfn` wajibi ne, in babu shi sabon mahaɗin zai faɗa cikin tsohuwar foldar, `jiya` ta ci gaba da nuna ranar farko har abada. Canjin izini kaɗai, irin `chmod -R` a kan tushe, yana sa duk fayilolin su zama sababbin kwafi a daren. Kada ka haɗa shi da `--inplace` a kan foldar da ta riga ta cika, domin rubutu a kan fayil ɗaya rubutu ne a kan duk ranakun da suke raba shi. Kuma tunda kwafi ɗaya ne a ƙasa, in wurin da yake kwance a faifai ya lalace, ranaku talatin ɗin sun lalace tare. Faifai na biyu a wani gini daban bai zama zaɓi ba.

In za ka sa shi a cron, ka tuna alamar `%` a crontab, fayil ɗin jadawalin cron, tana nufin sabon layi, don haka `date +%F` a can zai karya umarnin. Sa komai a sikirif, cron ya kira sikirif ɗin ta `flock -n /run/ajiya.lock`, yadda in na jiya bai gama ba na yau ba zai hau kansa ba. Ya fi kyau sabar ajiya ce ke jawowa, maimakon sabar aiki ta riƙa turawa, domin in aka fasa sabar aiki kada a samu mabuɗin da zai goge ajiyar. Ƙaramin sikirif mai suna rrsync da ke zuwa tare da shi yana ɗaure mabuɗin SSH a folda ɗaya: a `authorized_keys` sai a sa `command="rrsync -ro /srv",restrict` a gaban mabuɗin, ya zama karatu kawai yake iyawa.

Inda ba wurinsa ba ne

Rumbun bayanai mai aiki, MySQL ko PostgreSQL, ba a kwafe foldarsa da rsync. Fayilolin suna canzawa yana tsakiyar karantawa, abin da za ka samu zai yi kama da ajiya har ranar da ka buƙace shi. A fitar da bayanan da `mysqldump` ko `pg_dump`, a matse da `--rsyncable`, sannan a tura. Bai kuma san sauya suna ba: ka sauya wa folda mai gigabait hamsin suna, a wurinsa an goge ɗaya an ƙirƙiri wata, zai sake turo hamsin ɗin. Dabarar ita ce ka yi `mv` iri ɗaya a can kafin ka tayar da shi. Hanya ɗaya yake bi, in ana gyara a ɓangarorin biyu aikin Unison ne ko Syncthing. Ajiya a S3 ko Google Drive aikin rclone ne. In kana son ajiyar ta kasance a kulle da mabuɗi a kan na'urar da ba ka yarda da ita ba, Borg ko restic sun fi shi. A kan miliyoyin ƙananan fayiloli kuma yana da nawa, don haka kwafin farko yakan fi sauri da `tar` ta cikin `ssh`, sai rsync ya biyo baya ya cike giɓi.

Wajen ƙaurar saba kuwa ba shi da na biyu. Yi zagayen farko saba tana aiki, ko da zai ɗauki kwana biyu. Maimaita sau ɗaya ko biyu. Sannan tsayar da manhajojin, yi zagaye na ƙarshe da `--delete`, wanda ba zai ɗauki lokaci ba tunda saura kaɗan ne, ka kunna a sabon wuri. In kana son tabbaci, `rsync -anci` zai karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu ya gwada abin da ke ciki maimakon girma da lokaci. Yana da nauyi a kan faifai, ba na kowane dare ba ne, amma in bai fitar da layi ko ɗaya ba, kwafin ya yi.

Sigar da ke hannunka tana da muhimmanci, duba ta da `rsync --version`. Shekara da shekaru macOS yana zuwa da tsohuwar 2.6.9, saboda sababbin sun koma lasisin GPL na uku, a Sequoia kuma Apple ya koma openrsync na mutanen OpenBSD, wanda bai san duk zaɓuɓɓukan da aka ambata a nan ba. Mai Mac ya saka na gaske ta Homebrew. Daga 3.2.4 ta 2022 an sauya yadda ake miƙa sunaye masu sarari a ciki zuwa ɗaya ɓangaren, don haka tsofaffin sikirif da ke kare sararin sau biyu suna iya fara cewa ba su ga fayil ba. A watan Janairun 2025 kuma an fitar da 3.4.0 don toshe ramukan tsaro shida, mafi muninsu CVE-2024-12084, wanda ya fi shafar masu barin rsync yana sauraro da kansa a ƙofa ta 873. Debian da Ubuntu da Red Hat sukan liƙa irin wannan gyara a kan tsohuwar sigar da suke rabawa ba tare da lambar ta koma 3.4 ba, don haka abin dubawa shi ne ko ka sabunta kunshin. Ita kuwa ƙofa ta 873, zancen da ke bi ta cikinta a fili yake tafiya babu rufi, in ba madubin manhajoji kake raba wa jama'a ba, rufe ta a bangon wuta ka bi ta SSH.